Ruwan Randar Baba

Har yau ba na iya faɗin sunan mijina, ga shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Da kunya aka rene mu, aka ce mana ita ce adon mutum, ni ma na yarda. Sai da na ga abin da ta yi wa gidanmu a yini ɗaya na fara jin haushinta, haushin kuma bai sake ni ba har na tsufa.

Mijina yana da fadama a bakin kogin Wudil, gadon mahaifinsa, mai ba da rake da albasa ko ana fari. A shekarun da gyaɗa ta ɗauke hankalin mutane, kafin a ba mu mulkin kai, ya sayar da ita ya sayi mota. Dangi sun yi faɗa har sun gaji. Ba wauta ya yi ba, don ya daɗe yana koyon tuƙi a hannun wani direba, kuma hannunsa ya faɗa. Motar ƙarama ce mai buɗaɗɗen baya, ta sha hannu kafin ta zo gare mu, man gas take sha ba fetur ba. In ya tashe ta da safe kajin unguwa sai su watse. Ita ce ta zama gonarmu, ita ce rumbunmu. Ranar da ba ta fita ba, tuwonmu ba ya kai ko'ina.

Cutarta ɗaya ce, zafi. A gaban direba akwai wani ɗan agogo mai allura guda, na sha gaya masa ya fi kallon agogon nan a kan fuskata. Ba ya musu. Yakan ce in allurar ta hau ja, sai a nemi inuwa a bar inji ya huce don kansa.

"Kin ga tukunyar ƙasa in an sauke ta daga murhu?" in ji shi. "Zuba mata ruwan sanyi ki gani. To haka inji yake."

Da cikina na fari ya tsufa, lokacin tafiya goyon ciki ya yi, zan koma gidan iyayena a wani ƙauye wajen Achika in haihu a can. Tsakiyar bazara ce, irin wadda ko kare ba ya barin gindin bango. Mijina ya ce matarsa ba za ta hau jaki ba alhali yana da mota. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ɗaura zanena mai kyau na zauna a gaba, ina ta addu'ar mu gamu da wanda ya san ni.

Mun yi nisa da gari sai muka tarar da wata babbar mota a gefen hanya, maƙare da buhunan gero, ta mutu. Mai ita yana zaune a ƙarƙashinta yana fifita da hula. Ubangidan mijina ne, wanda ya koya masa tuƙi. Mijina ya sauka ya durƙusa a kan ƙasa mai ƙuna ya gaishe shi.

"Allah ne ya kawo ka," in ji mutumin. "Ɗan ja ni zuwa inda akwai mutane, kada in kwana da kayan jama'a a daji."

Na ga mijina ya dubi babbar motar, ya dubi tamu, ya ɗaga kai ya dubi rana. Ya san abin da ya sani. Amma wa zai ce a'a ga wanda ya ɗora masa hannu a kan sitiyari? Ya ce, "To, Maigida," ya ɗauko sarƙa.

Ban taɓa jin mota tana kuka irin na ranar ba. A giya ta ɗaya muke tafiya, mai tafiya a ƙasa zai iya wuce mu ya yi mana sannu. Hanyar rairayi ce, ga 'yar gangara ga hawa. Ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafata ya yi zafi har na naɗe ƙafafuna. Allurar nan ta yi ta hawa, shi kuma yana ta motsa baki, ban san ko addu'a yake yi ko lallashin motar ba. Da muka hango rimin ƙauyenmu allurar ta riga ta kwanta a kan ja, tururi yana fita ta gefen murfin inji.

A gindin rimin ya tsaya, daidai ƙofar gidanmu. Ya buɗe murfin, ya naɗe hannu da tsumma ya sassauta bakin lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji. Tururi ya yi sama da ƙara, yara suka tsere. Ruwan ya ƙone kusan duka. Ya ce ba komai, mun tsira, a bar ta kawai har la'asar. Mata suka fito suka kama ni, aka shimfiɗa mini tabarma a bakin zaure, ana ta yi mini tsiya wai na zama matar Bature.

Sai Baba ya fito. Mahaifina mutum ne da ba ya iya ganin baƙo da ƙishi, ko jakin baƙo ne sai ya sha kafin a yi maganar da ta kawo mai shi. Yana da wata tsohuwar randa da aka binne rabinta a ƙasa a cikin zaure, ruwanta har haƙori yake kamawa, duk ƙauyen an san ta. Mijina ya cire takalmi ya tsuguna nesa kaɗan, kansa a ƙasa, kamar yadda suruki yake yi. Aka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina mutanen Wudil, yaya zafi. Baba yana amsawa yana kallon motar da ke huci.

"Wannan baiwar Allah ta wahala," in ji shi. Ya shiga zaure ya fito da babbar ƙwarya cike.

Na ɗauka mazan zai ba su sha. Sai na ga ya wuce su ya nufi motar. Ya taɓa ganin direbobi suna zuba ruwa a kasuwar Juma'a, ya san ramin da ake zubawa.

Mijina ya ɗago kai kaɗan. "Baba, da an ɗan bari..."

"Haba, ba wahala ba ce," in ji Baba. "Zauna abinka, kai baƙo ne."

"Da dai an ɗan jira, Baba."

"Kunyar me kake ji? Nan ma gidanku ne."

Abin da mijina ya iya faɗa ke nan, da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake ƙin karɓar abinci da ita alhali ana so. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Da ya miƙe ya riƙe hannun tsohon, da shi ke nan. Amma a ce suruki ya riƙe hannun uban matarsa a gaban jama'a, ranar da ya kawo ta goyon ciki? Ubangidansa yana can bayan motarmu yana kwance sarƙa. Kafin in yunƙura da cikin nan, Baba ya yi bismilla ya tuntsurar da ƙwaryar.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani ɗan ƙas ne, kamar an taka busasshen kara. Ba wanda ya kula sai mu biyu. Baba ya koma ya ƙaro ƙwarya ta biyu, mijina yana tsugune yana cewa, "An gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

Da la'asar motar ta tashi da farin hayaƙi, ba ta kai Wudil ba. Ta ubangidan nasa kuwa, ashe ɗan bututun mai ne ya toshe, washegari aka busa shi ta tashi. Ita ce ta ja tamu zuwa gida da sarƙar nan tamu. Bakanike ya zo daga Kano ya duba, ya ce kan inji ya tsage, ruwa ya haɗu da mai, kuma irin wannan sai an sa an kawo ta jirgin ruwa. Aka yi ta jira. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Tayoyi suka sace, kaji suka fara ƙwai a kan kujerar da na zauna ina taƙama.

Da na dawo daga wanka da jaririna, na tarar mijina yana fita da fartanya. Ƙwadago yake yi a fadamar nan tasa, a hannun wanda ya saya. Ya san kowace kunya ta rake a wurin, shi ya sa aka fi son aikinsa. Bai ƙara riƙe sitiyari ba. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce aƙalla ya bari in gaya wa Baba, don abin ya daina cin mu mu kaɗai. Ya ce in na faɗa bai yafe ba. Wai tsohon zai yi me da sanin? Haka na bar maganar, kuma har yau ina jin zafinta.

Baba ya rayu shekaru bayan haka, yana ba da labarin ranar da motar surukinsa ta zo a galabaice ya shayar da ita da hannunsa. Shi a saninsa tsufa ne ya kashe ta daga baya. A ciwonsa na ƙarshe muka je duba shi, a ƙafa. Mijina ya tsuguna a bakin ƙofa, tafin hannunsa duk kanta. Baba ya daɗe yana kallonsa kafin ya gane shi, sannan ya yi murmushi.

"Mai mota," in ji shi. "Ran nan ruwan ya ishe ta kuwa?"

Mijina bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ya ishe ta, Baba."