Buhu na Huɗu

A Gummi, in an ci tuwo, Kaka takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta tara mu ɓarar gyaɗa. Ba ta ba da tatsuniya kyauta. Hannunka ya tsaya, bakinta ma ya tsaya. Ni kuwa raguwa ce tun ina ƙarama, shi ya sa rabin tatsuniyoyinta cikin harara na saurare su.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani manomi mai son yabo. Ya yanke geronsa, ya rantse sawu ɗaya zai kai shi gida. Ya jibga dammuna a amalanke har ba a hango shi, ya tura, ko motsi. Sai da maƙwabta bakwai suka sa kafaɗa ƙafafun suka juya. Da ya ga tana tafiya sai ya sallame su, wai saura aikinsa ne. Can sai ga gangaren gulbi. Amalanke ta ƙara sauri, ya ja, ta ja shi, ya kafa dugadugai, ta kwashe shi har cikin ruwa.

Mu dai dariya muke yi. Kaka ba ta yi.

"Mutum bakwai sunka tashe ta, shi ɗai za ya tsai da ta?" in ji ta. "Ga gangare ƙasa ka jan kaya, ita ko ba ta gajiya. Ke Hadiza, hannunki!"

Yau na daɗe ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Bukkuyum, maganar Kaka nake rubutawa a allo: gwargwadon nauyin abu, gwargwadon ƙarfin da zai motsa shi, haka nan wanda zai tsayar da shi. Ɗalibai su kwafa, su ci jarrabawa. Amma na gaji, wallahi, domin na kasa koya wa ɗan cikina.

Bashiru, ɗana na fari, dakon duwatsun zinariya yake yi a babur, daga ramuka zuwa wurin niƙa. Su masu wannan dakon, gwajin lodinsu ɗaya ne: in injin ya iya tashi da kaya, to ya yi daidai. Ba mai tambayar birki. Hanyar kuwa gangare ce zuwa rafi, inda abokinsa ya karye a ƙugu. Ga shi matarsa ba ta yi arba'in ba.

Jiya da safe ya biyo gaishe ni, buhu huɗu a bayansa.

"Bashiru, rage guda."

"Inna, babur ɗin ga na da ƙarhi, kin ga yadda yat taso."

"Tashi na gani. Tsayawa nika tambaya."

Ya yi murmushi, ya kwance guda, ya jingine shi a bakin zaure, ya tafi. Na koma ciki ina godiya ga Allah.

Ban kai ga ɗaukar mayafina ba na ji babur ya dawo a hankali, ya yi shiru a bayan katanga. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu, ina jin Bashiru yana jan igiya, yana sake ɗaure buhun.