Kararrawar Hantsi

Jiya a Kalgo na ji mai faci yana dukan wilin babbar mota da guduma, sai na tsaya cak a bakin titi. Da irin wannan ƙarfen kawuna yake kiran mu makaranta a Gwandu.

Bari in gaya maka yadda abin ya faro, bi da bi. Kawu ya bar aikin koyarwa na gwamnati, ya gyara ɗakuna uku a kangon kakanmu, ya rataye tsohon wili a reshen dogon yaro. Ba allon suna, ba yunifom. Da farko shara, sannan layi, sannan duba farce, kafin a shiga aji.

Da rani ƙarfe takwas ake bugawa. Amma da zarar ruwan shuka ya sauka, kararrawa sai hantsi ya dubi ludayi. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, wasu tun daga wajen Dalijan suke takowa. Mu yi noma da sanyin safiya, mu zo da laka a ƙafa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a riga. Wanda ya zo bayan an buga, bulala. Wanda ya zo da laka, ba a taɓa ce masa don me ba. A haka na iya karatu.

Na girma, ina taya shi koyarwa, sai jami'in ilimi ya zo wata damina da safe, ya tarar da azuzuwa wayam. Ya ce ko a koma takwas duk shekara, ko a rufe.

Kawu ya ce, "Malam, in na buga da takwas, mi zan koya wa benci? Ɗiyanga suna gona."

"Doka ce, Baba."

"To, ka kai wa gero ita."

Malamai sun roƙe shi ya amsa a baki kawai, ya ci gaba da yadda ya saba. Ya ce ba zai yi ƙarya da safe ya hana yara ita da rana ba. Ba a sabunta izinin makarantar ba. Ranar ƙarshe ya buga da hantsi kamar kullum, ya duba farce, ya koyar, ya sallame mu.

Yanzu Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wasu na cewa taurin kai ya kashe makarantar. Ban yarda ba. Sababbin makarantu sun cika gari, masu fenti da ƙofar ƙarfe, amma je ka leƙa su da damina, ka nemo mini ɗan manomi a aji. Suna gona, kuma ba mai jiran su.

Wilin Kawu yana rataye a ƙofar gidana. 'Yan gwangwan sun taya, na ce ba na sayarwa ba ne. Na shimfiɗa tabarmi a zaure, na sayi alli. Ruwa ya sauka makon jiya. Gobe zan buga, kuma sai hantsi.