Matar da na tsawata wa a ɗakin shan magani

Akwai wata safiya da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina malamin ɗakin shan magani a ƙasar Gwarzo, zamanin da gyaɗa ta cinye gonaki har da makiyayar shanu.

Wata tsohuwa daga rugar da ke kusa da Gude ta shigo goye da jikanta, matar ɗanta na biye da ita da tsohon ciki. Ƙafafun yaron sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Tamowa ce ƙarara. Na tambayi uwar abin da yake ci, sai ta kau da kai ta ce, "Ban sani ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ɗanki na bakin mutuwa, ko kallonsa ba za ki yi ba?" Na ɗauki alƙalami na rubuta a rajista cewa sakacin uwa ne.

Tsohuwar ta ce, "Haba Malam, bokon naka bai gaya maka ba? Ɗan fari ne. A gabana kake so ta yi zancensa?"

Kunya ta kama ni. Na roƙi tsohuwar ta jira a gindin bishiya. Tana fita, matar ta rungume yaron ta fashe da kuka. Ta ce an kora shanunsu kudu saboda babu wurin kiwo, nono ya yanke a gidan, sai kunun dawa tsura. "Nawa kunun ma shi nake ba wa, in babu mai gani."

Na duba cikin idonta, fari fat, babu jini. Na ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, na ce a riƙa dama masa kunu da ƙuli-ƙuli, a sa zogale da wake. Abin takaici, gyaɗar da za ta cece shi tana wucewa ta ƙofar rugarsu buhu-buhu zuwa Kano.

Yaron ya tashi. Ita kuwa jininta bai kai ta tsallake haihuwa ba. Tsohuwar ce ta zo ta faɗa mini.

Tun daga ranar ban sake yanke wa mace hukunci ba sai na tabbatar babu wanda take jin nauyinsa a ɗakin.