Sunan da Ya Fi Gurbinsa Tsawo

Wata Talata a daminar 2007, muna aji biyu na ƙaramar sakandare a Tudun Fulani, na fara ganin yadda wayar firinta ke fasa fata. Kwamfuta uku ce a makarantar, biyu sun mutu, ta ukun ma sai mun share ɗaki mun goge tebura kafin a tayar mata da janareta. Malaminmu ya koya mana rubuta umarnin da zai buga sunayen 'yan aji da makinsu a jere, kowane suna a gurbin harafi goma. "Goma na ce, goma za ku sa," haka yake faɗa kullum, yana buga wayar a tafin hannunsa.

Ƙawata Shekwonugaza 'yar manoma ce daga Garatu, mai zuwar mana da dafaffiyar doya a leda, yarinyar da ba a taɓa cinye ta a wasan carafke ba. Sunanta harafi goma sha biyu ne. Da takarda ta fito, sai sunan ya ture makinta gefe, layi ya karkace. Malam ya ce ta yanke shi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, kakana ne ya ba ni, ni ba na yanka shi." Ya shiga tsula mata wayar nan a baya, a wuya, a 'yan yatsu, har farar rigarta ta yi ja a kafaɗa. Amma ta ƙi taɓa madannin kwamfutar. Na miƙe na ce a ƙara gurbin mana, ai kuwa ya juyo ya zuba mini ɗaya a kunne, na daina ji na ɗan lokaci. Na tsani mutumin nan, kuma har yau ban huce ba. Ƙarshe ya hankaɗe ta daga kujera, ta faɗi ƙasa, ya goge haruffa biyun da kansa. Da mahaifinta ya ga bayanta, bai sake barin ta ta dawo ba.

Yau da wannan aikin na rubuta wa kwamfuta umarni nake cin abinci. Ba na ƙayyade gurbi, na'urar nake sawa ta auna sunan da ya fi tsawo ta buɗa daidai da shi, umarnin bai wuce layi ɗaya ba. Yaran yanzu a wayar hannu suke koyonsa suna raha. Na yi cigiyar Shekwonugaza a Garatu, aka ce ta yi aure can nesa, ina kuma kewarta. Haruffa biyu kacal suka raba ta da karatu.