Ragon da ya tsayar da akori-kura

Sana'ata sayen aya da wake, amma a Gazawa kowa ya san in tsohuwar mota ta gagari mai ita, ni ake kira. Ban yi karatun lakol ba, ban kuma zauna gareji ba. Motocin da na saya na yi asara a kansu, su suka koya mini abin da na sani.

Wata shekara, ana dab da shuka, taubashina ya kira ni a waya. Ɗan gwaggota ne, manomin aya a wani ƙauye kudu da Agye, kuma tun muna yara ba mu taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Ran nan ko bawana bai ce mini ba. Ya ce in zo in sayi akori-kurarsa, ta mutu. Takinsa na jibge a Gazawa, hadari ya fara haɗuwa, gara ya sayar da ita ya ɗauki hayar amalanke kafin ruwa ya riga shi.

Na hau babur na tafi. Na iske motar a gindin gawo, kaji sun riga sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Ya ba ni labari. Kwana huɗu da suka wuce ya dawo daga kasuwa, ya tsaya a wani ƙauye ya yi la'asar. Da ya fito ya tayar da inji, ya sa giya ta ɗaya, ya saki ambirayaji, wato kuloci, mota ko motsi. Ya sa ta biyu, ya sa ta baya, duk ɗaya. Shanun huɗa ne suka jawo ta gida, jama'a na tsaye bakin hanya suna yi masa sannu da zuwa. Ya kara wa wani makanike waya a jikin inji, makaniken ya saurara ya ce faifan ambirayaji ne ya cinye. Wani kuma ya ce akwatin giyar ne gaba ɗaya, sai an nemo a Maraɗi. Kuɗin da suka faɗa ya sa ya daina cin tuwo sosai.

Na ce ya shiga ya tayar. Giya na shiga sumul, babu gurnani. Na sa hanci kusa, ban ji ƙauri ba, alhali faifan da ya cinye yakan yi ƙauri, kuma ko yaya ne motar takan ɗan ja jiki. Na kori kaji, na shimfiɗa buhu na kwanta a ƙasa, na ce ya sa giya ya saki ƙafa. Ina kallon kardan, doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Da tana juyawa, da na ce wani abu ya karye a baya. Ba ta juya ba. Amma a cikin akwatin giya ina jin abu na gudu lafiya lau. Ƙarfi na fita ke nan, yana ɓacewa a tsakani.

Na fito na leƙa gaban mota. Irin waɗannan motoci na shiga yashi suna da ƙaramar giya a gefen babbar, wadda ke haɗa tayoyi huɗu. Taubashina bai taɓa taɓa ta ba, don wanda ya sayar masa ya ce kada ya kuskura. Har riga matarsa ta ɗinka mata, yana rataye carbi a kai. Na ɗaga rigar. Ƙaramar giya na tsaye a tsakiya, inda ba ta haɗa komai, ga guntun igiyar kaba ɗaure a gindinta.

Ba zan ɓoye ba, na mayar da rigar na rufe ta. Motar nan lafiyarta ƙalau, mai ita kuma na shirin ba ni ita a kuɗin tsohon ƙarfe. Na ma fara tunanin wanda zan kai wa a Cadakori. Sai na hango gwaggo zaune a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa, tana kallona kamar yadda take kallona tun ina satar mata ƙuli. Na san in na tuƙa motar nan na fita da ita, kafin magariba labari ya kai gidanmu.

Na tambaye shi da wa ya taho ran nan. Ya ce da dattijon Bafulatanin da ke yi masa kiwo, da wani balamin rago da ya saya. Baya cike yake da kaya, shi ya sa suka sa ragon a gaba. Aka kira dattijon. Na nuna masa igiyar, bai ko yi mamaki ba.

"Ni na ɗaure, Alhaji. Za mu shiga masallaci, na duba ban ga turke ba sai wannan. Kuma turke ne mai kyau, rago ya yi ta fizga bai tumɓuke ba."

Na ce da taubashina ya matsa. Na taka ambirayaji, na mayar da ƙaramar giya wurinta, na sa ta ɗaya. Mota ta tashi kamar ba ita aka jawo da shanu ba. Na zaga gawon sau biyu na tsaya a gabansa.

"Bawana, har yanzu ta sayarwa ce?"

Ya cire hula ya mayar. "Sauka daga motata, dillali. Da ma na san ƙaramin abu ne, gwada ka nake yi."

Kafin azahar muna Gazawa ana loda taki, kwana biyu bayan nan aka yi ruwan shuka. Ragon ya kai layya, gwaggo ta aiko mini da cinya, ta ce ladan hanci ne da kwanciya a kashin kaji. Shi kuwa taubashina, duk shekara in an kusa Babbar Salla nakan sa a sassaƙa turke mai kyau in aika masa, in ce ya ajiye a gaban mota. Bai taɓa maido ko ɗaya ba. Dattijon ne ke kwashe su, ya ce suna da amfani a ruga.