Baba Masassaƙi da Taɓaryar Inna

Da hantsi ne, ina zaune a ƙofar ɗakina a Ƙanƙara, littafi a cinyata, wake a kan wuta, sai na ji sallamar Habu, ƙanen maigidana. Duk zuwan da zai yi daga Tafoki sai ya tsokane ni, ya ce, "Malama, yau wa ya auri wa a cikin takardar?" Ran nan ko kallon littafin bai yi ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "A aika a kira Yaya daga wurin aiki. Baba ya cika bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko da muka isa Tafoki, an riga an kai shi makwancinsa.

Surukina ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Daga Faskari har Mabai, in aka ce Baba Masassaƙi an san wanda ake nufi. Turmi, akushi, muciya, ƙotar fartanya, kujerar tsuguno, da wuya ka shiga gida a yankin ba ka tarar da aikin hannunsa ba. Da rani yakan kora jakinsa zuwa dazukan Sabuwa neman ƙirya, ya yi kwanaki, wani lokaci ya dawo da gungume ɗaya tak. In aka yi masa magana sai ya ce, "Itacen da ya yarda shi ake sarewa."

Shekarar farko ta aurena a gidansa na yi ta, kuma abin da na fara gani shi ne bangon rumfarsa. Ya kafa turaku na marke a jere, kowane ƙarfe da nasa. Gatari ne a farko, sai gizago babba, da mai bi masa, da ƙarami, sai wuƙaƙen ƙwaƙule akushi, sai ƙarfen da yake sawa a wuta ya yi wa kaya zane. Kowane kaifi yana fuskantar bango saboda jikoki. Yana cikin hira zai miƙa hannu baya ya ɗauko wanda yake so, bai waiwaya ba. Bayan la'asar sai ya goge su ɗaya bayan ɗaya da man kaɗe, ya mayar. "Kayan aiki ba ya kwana a ƙasa," in ji shi. Nakan leƙa ta katanga in ga yadda yake juya gizago a hannunsa a hankali. Ban taɓa ganin an riƙe mutum haka ba, balle ƙarfe.

Ni mai karatun littattafai ce tun ina firamare. A cikinsu saurayi yakan yi magana mai daɗi har budurwa ta rasa inda za ta sa kanta, kuma na ɗauka so ke nan. Baba kuwa ban taɓa jin ya gaya wa Inna, uwar maigidana, wata kalma mai taushi ba. "Ke, ruwa." "Ke, an yi baƙi." Har tausayinta nake ji, kafin in gane cewa ni ce abar tausayi.

Wata rana na ɗauki taɓaryarta zan yi sussuka, sai na ji ta zauna a tafin hannuna ba nauyi. Inna ta karɓe ta ce, "Wannan ba taki ba ce, ɗiyata. Ga ta gida can." Da kaka ta wuce, ranar da Inna ta tafi suna, na ga Baba ya shigo ya ɗauki taɓaryar ya kai rumfa. Ya shata tsakiyarta da gawayi, ya sa ƙaramin gizago ya rage ƙugun kaɗan, bai taɓa kawunan ba. Ya goge, ya shafa mai da toka har sabon wurin ya saje da tsohon, ya mayar da ita inda ya same ta. Da ya juyo ya gan ni a bakin madafa, sai ya ce, "Ba da turmi ake auna taɓarya ba, da mai daka ake auna ta." Ya ɗora yatsa a leɓensa, ya fita.

Ashe duk shekara haka yake yi. Ƙarfin Inna yana raguwa, taɓarya tana bin sa. Ita kuma sai ta tsaya a tsakar gida tana cika baki: "Ku yaran yanzu ba ku da ƙashi. Ni da tsufana ban san taɓarya ta yi mani nauyi ba." Baba yana rumfa yana jin ta, bai ko ɗaga kai ba.

Tun daga ranar nake kishin tsohuwar nan, kuma har yau da nake rubutun nan bai sake ni ba. Maigidana mutumin kirki ne. Ya koyi sassaƙa yana yaro, amma da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, aka fara shimfiɗa hanyoyi, sai ya ajiye gizago ya koyi tuƙin tifa. Ba abin da bai saya mini ba: rediyo, gadon ƙarfe, kwanonin langa masu furanni, littattafai daga Funtuwa. Sai dai duk abin da ke ɗakina akwai irinsa sak a ɗakin maƙwabciyata. Sau ɗaya na roƙe shi ya sassaƙa mini muciya da hannunsa. Ya yi dariya ya ce, "Wannan kuma a wane littafi kika gani?" Washegari ya kawo mini cokula na ƙarfe a kwali. Muciyar nan ita nake jira tun lokacin, kuma ban ƙara tambaya ba.

Baba bai taɓa zargin ɗansa a gabana ba. Da aka kafa injin niƙa a bakin kasuwa, masu sayen turmi suka ragu, mutane suna zuga shi ya yi ƙorafi, sai ya ce, "Matan sun huta, mi ya fi wannan?" Ya ci gaba da shafa wa ƙarafansa mai kamar gobe za a zo da aikin gari guda.

Bayan sadakar bakwai maza suka zauna a rumfa kan kayan aikin. Wani masassaƙi daga Mabai ya aiko yana so. Ina bayan katanga na ji maigidana yana cewa, "A ba shi. Wa zai yi sassaƙa cikinmu? Gara su tafi inda za a more su." Ba huruminmu ba ne mu mata, amma na san in bangon nan ya zama wayam, muciyata ta tafi ke nan. Na shiga ɗakin Inna, inda take zaman takaba, na zauna ina share hawaye. Ta ɗauka na Baba ne, kuma rabinsu nasa ne.

Ta jawo taɓaryar daga bayan gado ta ɗora mini a cinya. Ga shatin gawayi a ƙugunta, sabo, ba a sassaƙe ba. Ciwo ya riga shi.

Na ce, "Inna, ashe kin sani?"

Ta ce, "Ke dai karatu bai hana ki wauta ba. Abin da nake riƙewa kullum za a rage ban ji ba? Shi yana jin daɗi ban sani ba, ni kuma mi zai sa in ɓata mashi?" Ta gyara lulluɓinta. "Kai wa mijinki. Ki ce na ce ta yi mani nauyi."

Na kai har bakin rumfa na durƙusa, na faɗi saƙon. Maigidana ya karɓa, ya daɗe yana kallon shatin. Sai ya miƙa hannu baya, bai waiwaya ba, hannun ya sauka a kan ƙaramin gizago.

"Riƙe mani nan," in ji maigidana.

Na riƙe kan taɓaryar, yana sassaƙa. Saran farko ya karkace, ya ja tsaki, na biyu ya daidaita. Ga shi ya ɗauki gizago bayan shekaru, kuma ba don ni ba, don Inna ce dai har wa yau. Ina cikin wannan tunani ya tsaya, ya dubi yatsuna a kan itacen, ya ce, "Ashe hannunki ƙarami ne haka."

Da ya gama ya goge gizagon da man kaɗe ya rataye shi, kaifi yana fuskantar bango. Ya ce wa Habu, "A gaya wa mutumin Mabai ya yi haƙuri tukuna." Muciya dai ban samu ba har yanzu. Amma ranar da za mu dawo Ƙanƙara na ga guntun marke, daidai tsawon muciya, a cikin jakarsa, ban kuwa tambaya ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sauƙaƙa masa hisabi kamar yadda ya yi ta sauƙaƙa wa wata nauyi a ɓoye. Allah ya ba Inna haƙurin rashin wanda ya san ma'aunin hannunta, ya sa 'ya'yansa su ɗora daga inda gawayinsa ya tsaya. Allah ya haɗa kan zuriyarsa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.