Wanzamin da Na Ɓoye wa Baƙi

Da ana mayar da jiya, da ban yi wa kawuna abin da na yi masa ba.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, masu binciken asalin al'umma suka zo Saulawa, suna zana tsagen fuskokin mutane a takarda. Da yake na yi elemantare, ni dagaci ya sa in zaga da su.

Kawu wanzami ne. In ya dubi kuncin mutum, sai ya faɗi kakanninsa da garin da suka taso. Ranar ya sa wankakkiyar riga mai ƙamshin sabulun salo, ya zauna a gindin ɗorawa, ya jera asakensa suna ƙyalli. Ni kuwa tsoro nake kada ya faɗa musu kakanninmu Maguzawa ne. Na ce musu tsohon ya ruɗe, muka wuce.

Da la'asar na tarar yana mayar da asaken cikin zabira.

"Malam ɗan boko, ina baƙin naka?"

"Sauri suke yi, Kawu."

"To. Zauna ka sha furar nan, don su aka dama."

Bai ƙara tayar da zancen ba har ya rasu da saninsa.

Jiya jikata, wadda ke irin wannan aikin, ta zo da rikoda. Na faɗa mata ɗan abin da na riƙe, har Maguzancin. Ta ce, "Kaka, ƙaro mana!"

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa. Ku kuma, don Allah, kada kunya ta sa ku rufe bakin tsohonku.